Daga Ɗakin Kati: Wa Ya Ga Fayil Ɗina?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk abu ɗaya suka kewaye, wato bayanan marasa lafiya: wa ke ganinsu, ina ake ajiye su, me ke faruwa ranar da suka ɓata ko suka fita waje. Shekara 27 na yi a ɗakin kati. Na fara tun ana rubuta suna a ƙatuwar rijista a yanka wa mutum ɗan kati na kwali, na yi ritaya ina danna kwamfuta da yatsa biyu. Da abin da na gani a tsakanin nan zan amsa muku. Na cire sunayen waɗanda suka rubuto, don bai dace mai maganar rufin asiri ya fara da tona na baƙinsa ba.

Tambaya: Malam, ranar Asabar na aiki yarona ya sayo mana ƙosai. Da na warware takardar da aka naɗo shi, sai na ga ashe sakamakon gwajin jinin wata mata ne, ga sunanta, ga shekarunta, ga unguwarsu, har da abin da aka gwada. Kuma na san unguwar. Jikina ya yi sanyi. Ta yaya takarda irin wannan ke fita daga asibiti? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, ki gode wa Allah da takardar ta faɗo hannunki, ba hannun kishiyar matar ko dangin mijinta ba.

Hanyar fitarta ba wata mai nisa ba ce. Firinta ta buga sakamako bai fito sosai ba, aka sake bugawa, na farkon aka jefa kwando. Ko sito ya cika, aka ce a rage tsofaffin takardu, ba a faɗi inda za a kai su ba. Masu sayen takarda a kilo kuwa kullum suna bakin ƙofa.

Ni ma ya taɓa faruwa a hannuna. Wata damina rufin sitonmu ya fara yoyo, muka fito da tsofaffin fayiloli muka jibge a baranda muna jiran kafinta. Bai zo ba sai bayan kwana tara. Ranar da za mu mayar, buhu biyu babu. Da yamma na tsaya sayen tsire ba nisa da ƙofar asibitin, mai tsire ya yago takarda zai naɗe mini, sai na hango rubutun hannuna a kusurwarta: lambar fayil da jan biro, da 'yar sandar nan da nake gitta wa 7 a tsakiya. Ban iya cin tsiren nan ba. Na saye duk takardun da ke ƙarƙashin teburinsa da kuɗin aljihuna, shi kuwa yana ta tambayata me zan yi da su. Da muka bi sawu, wani dattijon masinja ne ya sayar, kuɗin ko cefanen kwana biyu bai kai ba. Bai iya karatun boko ba. A wurinsa, takardar da aka bari a baranda ruwa na dukanta ai shara ce. Mu da muka san abin da ke ciki muka bar ta a fili, mu ne masu laifi.

Daga ranar muka samo durom, aka yi masa murfi da kwado, aka tsaga 'yar kafa a sama yadda takarda za ta shiga amma hannu ba zai shiga ba. Duk takardar da ke ɗauke da sunan mara lafiya can take zuwa. Kowace Alhamis mutum biyu su kai wurin ƙona sharar asibiti, su tsaya har ta zama toka, su sa hannu a littafi. Duk abin bai ci kuɗin kirki ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da aka yi masa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko ga iyaye da waliyyai idan yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayiloli da wurin ajiyarsu, ya kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun.

Ke kuma, idan akwai sunan asibitin a saman takardar, ki sa ta a ambulan ki kai wa shugabansa hannu da hannu. Idan babu, ki ƙona ta. Kada ki ɗauki hotonta ki sa a Facebook da niyyar jan kunnen asibiti, don matar za ki yi wa illa ba su ba. Sunan nan da kika gani kuma ya tsaya a cikinki, ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tambaya: Baba, ni nas ce, shekarata uku da fara aiki. A ɗakin da nake duti kwamfuta ɗaya ce, kalmar sirri ma ɗaya, an rubuta ta a filasta an manna a gefen allo don kada a manta. Sannan idan dare ya yi likita ba ya kusa, mukan ɗauki hoton ciwo ko takardar gwaji mu tura masa ta WhatsApp ya gaya mana abin yi. Wata babbar sista ta ce laifi ne. To idan ba mu tura ba mara lafiya ya mutu fa? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya)

Amsa: 'Yata, abu biyu kika haɗa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Kalmar sirrin nan ta jikin filasta ta fi damuna, kuma ke ce za ta fara cuta. Manhajar asibiti tana rubuta duk motsin da aka yi a cikinta: wa ya buɗe fayil ɗin wane, ƙarfe nawa, me ya canza. Amma sunan da aka shiga da shi kawai ta sani, ba ta ganin fuska. Ranar da aka mai da allura daga 5 zuwa 50, ko aka buɗe fayil ɗin matar wani babba ƙarfe biyu na dare labari ya bazu a gari, za a duba a ga suna ɗaya da mutum goma sha biyu ke amfani da shi. Daga nan sai a ɗauko jadawalin duti. Ke da kika fi kowa ƙanƙanta, ke za a rataya wa jakar tsaba.

Na san dalilin da ya sa ake yin haka. Kwamfutar ba ta da sauri, hannu na cikin safa, mai naƙuda na kira, ba wanda ke da lokacin fita da shiga. Duk da haka ku rubuta wa shugabar ɗakinku takarda, ku nemi a buɗe wa kowa nasa asusun, a kuma saita allon ya riƙa kulle kansa idan an bar shi na 'yan mintuna. Ki riƙe kwafin takardar. Ko ba a yi ba, kina da shaidar kin nema.

Kada ki ɗauka ƙananan wurare kaɗai ke wannan sakaci. A watan Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga wani ƙaton kamfani a Amurka mai suna Change Healthcare, wanda ke haɗa asibitoci da shagunan magani da kamfanonin inshora. Da me suka shiga? Da suna da kalmar sirrin da aka sace. Ƙofar da suka bi ba a sa mata mataki na biyu ba, irin lambar nan da banki ke turo miki a waya kafin ki tura kuɗi. Shugaban uwar kamfanin da bakinsa ya amsa haka a gaban majalisar dokokin ƙasar. Bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa.

Batun WhatsApp kuwa, ba zan ce ki zuba wa mara lafiya ido yana zubar da jini don tsoron hoto ba. Rai ya fi. Sai dai ki san inda matsalar take. Saƙon a kulle yake tafiya tsakanin wayarki da ta likita, amma da ya sauka sai ya zauna a wayoyi biyu. Taki kuma ina ba ta zuwa? Ƙaninki na buga wasa da ita, kina ba mai caji ita a bakin titi idan an ɗauke wuta, ranar da gilashinta ya fashe ki bar ta wurin mai gyara ki tafi cefane. Saboda haka ki lanƙwashe saman takardar yadda suna ba zai fito ba, ki rubuta lambar gado da shekaru kawai. Kada fuska ta shiga hoto. Idan mara lafiyar na cikin hayyacinsa ki gaya masa likita za ki nuna wa. Ki tura wa likitan shi kaɗai, ba zauren ma'aikata mai mutum tamanin ba. Abin da ya ce ki rubuta a fayil da lokaci da sunansa, sannan ki goge hoton, ki kuma tuna masa ya goge nasa. Na san wata da ta ɗauki hoto a ɗakin haihuwa, yatsa ya zame, ya faɗa zauren 'yan ajinsu na sakandare. Kafin ta goge mutum shida sun gani.

Masu ɗaukar bidiyo suna rawa a ɗakin marasa lafiya don TikTok, majinyata na kwance a bayansu, waɗannan ba su da uzurin da za su kawo mini.

Tambaya: Malam, ni likita ne, ina da asibiti mai gado 24. Bara muka bar takarda muka koma kwamfuta. Ina jin labarin masu kulle wa asibitoci bayanai su nemi kuɗin fansa, amma ina ganin na Turai ne, wa zai damu da ɗan asibitina? Kuma kuɗin dizal ma da ƙyar muke haɗawa. Idan dole ne, daga ina zan fara? (Wani likita daga Gusau)

Amsa: Likita, ranka ya daɗe, yawancin waɗannan miyagun manhajoji ba sa zaɓe. Yawo suke a intanet suna taɓa ƙofofi, wadda suka samu a buɗe su shige.

Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017 wata mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150. Ba asibiti aka aike ta ba, dala 300 kawai take nema a kan kowace kwamfuta. Amma ta faɗa wa hukumar lafiya ta Ingila, ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocinta, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu asibitocin suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Abin takaicin, kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar da ta bi ta shiga tun watan Maris, ba a dai ɗora shi ba ne.

Na ƙasar Ayilan ya fi ba ni tsoro. Ranar 18 ga Maris 2021 wani ma'aikacin hukumar lafiyarsu ya buɗe fayil ɗin Excel da ya zo a cikin imel. Shi ke nan. Ɓarayin suka yi mako takwas suna yawo a cikin na'urori, alamu na fitowa ba wanda ya bi su da gaske, sai ranar 14 ga Mayu suka kulle komai. Suka nemi kusan dala miliyan 20, gwamnati ta ce ba ta biya. Daga baya ma ɓarayin da kansu suka saki mabuɗin kyauta, amma duk da haka sai da aka kwashe kusan wata huɗu ana gyara. Likitoci suka koma biro da takarda, masu cutar daji suka yi ta jiran a yi musu gashi da na'ura.

To, daga ina za ka fara? Ba daga sayen kaya ba. Ka ware yammaci guda, ka zauna da mai kula da kati, da babbar nas, da mai lab, da mai ba da magani, da akawu. Ku rubuta duk inda bayani ke zaune: babbar kwamfutar da ke riƙe da komai, laftof ɗinka, na'urar sikanin, wayoyin ma'aikata, rijistar awo, tsofaffin fayiloli. A kan kowanne ku yi tambaya uku. Idan ya fita waje wa zai cutu? Idan aka canza shi ba mu sani ba fa? Idan muka wayi gari babu shi, awa nawa za mu iya aiki? Sannan ku auna: wanne ya fi saurin faruwa, wanne ya fi muni idan ya faru. Wanda ya haɗa biyun shi ne na sama, shi za a fara kashe wa kuɗi. Abin da masana ke cika takardu da shi da sunan sarrafa haɗari, asalinsa ke nan.

Idan kun yi gaskiya za ka ga ɗan kutsen ƙetare ba shi ne na ɗaya ba. A gabansa akwai wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona na'ura. Akwai ɓarawon da zai ɓalle taga ya ɗauke laftof. Akwai filashin da aka je aka turo fina-finai da shi a kasuwa aka dawo aka soka a kwamfutar lab. Akwai ma'aikacin da ka sallama wata shida da suka wuce, asusunsa na nan a buɗe. Akwai kuma yaron da ya ɗora muku manhajar, shi kaɗai ya san babbar kalmar sirri, yau ya tafi bautar ƙasa wayarsa ba ta shiga. Wannan na ƙarshe ka gyara shi a makon nan: ka karɓi kalmar, ka canza ta, ka sa a ambulan ka kulle inda kake kulle takardun fili.

Kuɗinka na farko ya tafi ga ajiyar kwafi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma kada faifan ajiyar ya kwana soke a jikin kwamfuta, don manhajar fansa har shi take kullewa. Faifai biyu ka saya, a riƙa musanya su, ɗaya na asibiti ɗaya na gidanka, a sa musu kalmar sirri.

Sai abin da kowa ke mantawa, wato a gwada. Mun taɓa zama da wani yaro mai ƙoƙari, kowace Juma'a sai ya yi ajiya ya rubuta a littafi, bai taɓa fashi ba. Ranar da babbar kwamfutar ta mutu muka ɗauko faifan da murna. Muka buɗe, sai ga 'yan alamomi sun yi layi, kowacce da 'yar kibiya a gindinta. Ashe wata goma sha ɗaya alamar da ke kan allo yake kwafewa, ba bayanan ba. Ba wanda ya taɓa ce masa, zo ka dawo mana da fayil ɗaya mu gani. Mako uku muka yi muna sake shigar da abin da muka samu a takarda, wanda ba mu samu ba ya tafi ke nan. Sau ɗaya a wata ka sa a dawo da bayanan a wata kwamfuta daban, ka nemi sunan majinyacin jiya da idonka.

Ka bar kwamfutoci su riƙa karɓar facin da kamfani ke turowa. Idan akwai mai Windows 7 a cikinsu, ka sani tun Janairun 2020 aka daina yi mata faci, ko dai a canza ta ko a raba ta da intanet. Wayafai ɗin da baƙi da masu jinya ke hawa kada ya zama shi ne wanda kwamfutocin aiki ke kai.

Ka kuma tanadi kwali guda na ranar wuya: fom ɗin karɓar mara lafiya, na gwaji, na magani, da biro. Kowace yamma a buga sunayen waɗanda ke kwance da magungunan da suke sha, a kulle a durowar nas, a ƙona na jiya. Wata Asabar da ba cunkoso ku kashe kwamfuta na awa biyu da gangan ku ga inda za ku cije. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan manhajar fansa ta shiga, a zare wayar sadarwa daga kwamfutar nan take don kada ya yaɗu, a kira wanda ya san aikin. Biyan fansa kuwa ba ya ba da tabbaci. Kamfanin nan na Amurka da na ambata a sama ya biya dala miliyan 22, sai ga wani gungun ya fito riƙe da bayanan yana neman nasa kason.

Tambaya: Malam, ina neman wata yarinya, an kusa sa rana. Na ji ƙishin-ƙishin tana yawan zuwa wani asibiti. Ina da aboki a lab ɗin wurin, ya ce zai iya duba mini. Akwai laifi, tunda aure za mu yi? (Wani matashi daga Kano)

Amsa: Akwai, ɗana, kuma babba. Abokinka zai ci amanar aikinsa, zai iya rasa shi, har ya tsaya gaban kotu. Kai kuma za ka buɗe aure da leƙen asiri. Ko an ɗaura, zama miji ba ya ba ka mabuɗin fayil ɗinta sai da yardarta.

Haƙƙinka ne ka san lafiyar wadda za ka aura, kamar yadda ita ma haƙƙinta ne ta san taka, kuma akwai ƙofar gaba. A jiharku tun watan Mayun 2024 gwamna ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, ciki har da na cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da na sikila. Ku je tare, a ɗebi jininku ku biyu, a zaunar da ku a yi muku bayani. Abokin nan naka kuma ka yi tunani a kansa, don wanda ya yarda ya buɗe maka fayil ɗin wata zai buɗe wa wani naka.

Tambaya: Mahaifiyata tana da hawan jini. Da muka koma asibiti sai likita ya fara maganar ciwon suga da allurar da wai take yi, alhali ba ta taɓa yi ba. Ashe fayil ɗin wata ce mai suna irin nata. Suka ce kuskure ne kawai. (Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa)

Amsa: Alhaji, wannan "kawai" ɗin ce ban yarda da ita ba. Mutane na ɗauka tsaron bayani shi ne kada a gani. Ni a wurina bayanin da ya gauraya ya fi wanda ya fita haɗari, don wanda ya fita kunya yake jawowa, wanda ya gauraya kuwa ana iya ɗaura wa mutum jinin da ba nasa ba, ko a yi masa allurar da jikinsa ba ya so.

Kuma mu nan muna da namu ciwon kai na musamman. A rana ɗaya sai ka yanka wa Aisha biyar kati, uku a cikinsu sunan mahaifinsu ɗaya. Ka tambayi tsohuwa ranar haihuwa ta ce shekarar fari ce, sai akawu ya rubuta 1 ga Janairu, ya cika kwamfuta da mutanen da duk aka haifa rana ɗaya. Ga mace ta zo yau da sunan uba, gobe da sunan miji, jibi ta ari katin maƙwabciya don kada ta biya kuɗin sabo. Wannan aron kati, don Allah a daina.

Ni ba na miƙa fayil sai abu biyu sun dace ban da suna, lambar kati da unguwa ko lambar waya. Kuma ba na cewa "Ke ce wance?", don mai jin jiki da ya gaji da layi kowane suna ka kira zai amsa. Cewa nake "Mama, gaya mini sunanki." Idan suna biyu sun zo ɗaya a ɗakin kwanciya, sai in manna jar takarda a bangon duka fayilolin.

Ka koma ka nemi shugaban ɗakin kati. A zauna a tace fayil ɗin Mama shafi-shafi, a cire abin da ba nata ba, a kuma duba na ɗaya matar, don mai yiwuwa awon jinin mahaifiyarka na can. Ka nemi a rubuta maka magungunanta a takarda guda, ta riƙa yawo da ita a jaka.

Tambaya: Baba, ina karɓar magani duk wata a wani asibiti, ba wanda ya sani sai mijina. Yanzu labari ya cika unguwa, har an daina sayen abincin da nake sayarwa. Na tabbata wata ma'aikaciyar wurin ce, maƙwabciyar yayata. Na daina zuwa. Ina zan kai kuka? (Wata baiwar Allah)

Amsa: 'Yata, Allah ya saka miki. Abin da aka yi miki zalunci ne, kuma doka ta san da shi.

Ki fara da rubuta abin da kika sani tun bai gushe ba: ranar da kika fara ji, daga bakin wa, me aka ce. Idan akwai saƙon waya ki adana hotonsa. Sannan ki rubuta wa shugaban asibitin ƙorafi, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. A ciki ki nemi a binciki waɗanda suka buɗe fayil ɗinki a watannin nan. Idan da kwamfuta suke aiki kuma kowa da asusunsa, a minti kaɗan za a ga ko ta shiga inda ba aikinta ba.

Idan suka yi burus, akwai sama da su. Dokar Kare Bayanai da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma kafa hukumar kare bayanai ta NDPC a Abuja, inda kowa ke iya kai ƙorafi. Dokar ta wajabta wa asibiti ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan ya gano bayanai sun fita ta hanyar da za ta cutar da masu su. Tara na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan wurare, ga ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Ban da wannan, likitoci da nas-nas da ma'aikatan lab da mu 'yan kati, kowa na da hukumar da ta ba shi lasisi, kuma tana iya karɓewa. Idan cutar mai karya garkuwar jiki ce, akwai dokar 2014 da ta hana tona asirin masu ita da nuna musu wariya. Kina kuma da damar neman diyya a kotu, kuma asarar cinikinki na cikin abin da lauya zai tsaya a kai. Masu karatunmu na Nijar, taku hukumar ita ce HAPDP a Yamai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne cewa kin daina zuwa. Kada ki haɗa wa kanki asara biyu. Idan ƙafarki ba za ta iya sake taka wurin ba, ki aiki mijinki da katinki da 'yar takardar izini daga hannunki, ya karɓo miki takardar canjin asibiti, ki koma wani da ke nesa da unguwarku. A yi wannan kafin ƙwayoyin da suka rage miki su ƙare.

Wasiƙar mai tambaya kan kyamarar tsaro da aka kafa a kusa da ɗakin haihuwa ta iso a makare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.